Ƙanena, kada a kai shanun Maigatari tukuna

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, har da hotunan takardun da mutumin ya ba ka. Ka ce ofishinsa na cikin Kano, barista ake kiransa, ya rataya wani satifiket a bango wai daga gwamnatin Birtaniya, kuma ya yi alkawarin samo maka aikin kula da tsofaffi a nan Ingila a kan naira miliyan tara. In hakan ya ƙi, sai ya juya takardun zuwa karatu a Kanada. Ka ce Baba ya amince a kai shanun huɗa kasuwar Maigatari, a jinginar da gonar fadama, a haɗa da kuɗin riɗin bana. Sannan ka tambaye ni: ai akwai doka a kan irin waɗannan mutane, in ya ci amana ba sai a kama shi ba?

Kafin maganar doka, aikin da yake tallar ma babu shi. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 Birtaniya ta daina ba da bizar aikin kula da tsofaffi ga wanda ke nema daga wajen ƙasar. Wanda ya karɓi kuɗinka yau a kan wannan aiki, rumfa ya sayar maka a kasuwar da ta riga ta tashi. Ko a lokacin da ƙofar ke buɗe, takardar ɗaukar nauyi da ake kira CoS ba hajar sayarwa ba ce. Kamfanin da ke da lasisi ne ke fitar da ita, shi ke biyan kuɗinta, an kuma hana shi ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi. Akwai 'yan Najeriya da dama a nan da suka biya miliyoyi, suka sauka, suka tarar babu aikin, ko kuma an ƙwace lasisin kamfanin. Wasu har yau a falon mutane suke kwana, suna ɓoye wa na gida halin da ake ciki.

Doka kuwa akwai ta, kuma ba ta wasa. A Birtaniya, dokar shige da fice da neman mafaka ta 1999 ta haramta wa kowa ba da shawara a kan biza a matsayin sana'a, sai lauyan da hukumar lauyoyi ta san da shi, ko wanda ya yi rajista da hukumar da ke sa ido a kan masu wannan aiki. Da OISC ake kiranta, a Janairun 2025 ta koma IAA. Wanda ya karya wannan doka yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Sai dai ka lura da inda hannunta ya tsaya: a kan wanda ke ba da shawarar a cikin Birtaniya take aiki. Mutumin da ke zaune a Kano yana karɓar kuɗin mutanen Gumel da Ringim ba ya cikin hurumin wannan hukuma. Shi ya sa satifiket ɗin bangon nan bai burge ni ba. Takardar bango kowa na iya buga ta a shagon kwamfuta. Abin da ba ya iya yi shi ne saka sunansa a rajistar da ke shafin gwamnati, wadda kowa ke iya dubawa kyauta a wayarsa.

Kanada ma haka. Lauyoyinsu ne da mambobin CICC, hukumar da ke sa ido a kan masu ba da shawarar biza, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2021, ke da izinin karɓar kuɗi su wakilce ka, kuma wanda ya yi ba da izini ba tarar na iya kaiwa dalar Kanada 200,000, ko ɗaurin shekara 2. Akwai fom na musamman da ake cikewa a bayyana sunan wakili. 'Yan damfara ba sa yarda sunansu ya shiga wannan fom. Za su cike maka komai, su ce ka sa hannu kamar kai kaɗai ka yi.

A nan gizo ke saƙar, don dokar da ba ta kai gare shi ba, kai tana kaiwa gare ka. Sunanka ne a fasfo, yatsunka aka ɗauka, sa hannunka ne a ƙarƙashin layin da ke cewa duk abin da aka rubuta gaskiya ne. In ya cusa takardar banki ta bogi ko shaidar aikin da ba ka taɓa yi ba, Birtaniya na iya hana ka bizar ko da ba ka san da ita ba, in kuma suka tabbatar yaudara ce, shekara 10 ba ka shiga ƙasar. Kanada shekara 5 take hanawa. Amurka kuwa haramcin na har abada ne, sai in an yi maka afuwa ta musamman, wadda ba kowa ke samu ba. Kuma fom na ƙasashe da yawa yana tambaya ko an taɓa hana ka biza a wani wuri, ka ga tabon zai bi ka har inda mutumin bai taɓa ambata ba.

Abin ya faru da ɗaliban Indiya a Kanada. Wani wakili, Brijesh Mishra, ya ba su takardun samun gurbin karatu na jabu. Da yawansu sun shiga ƙasar, sun yi karatu a wasu makarantun, sun fara aiki, sai da suka nemi izinin zama na dindindin asiri ya tonu, a 2023 aka fara maganar mayar da su gida. An kama shi ne don ya taka ƙasar da ƙafarsa, aka yanke masa shekara 3 a 2024. Tun Disamban 2023 hukumar shige da fice ta Kanada ke tuntuɓar makaranta kai tsaye ta tabbatar da kowace takardar gurbi. Saboda haka maganar "juya takardu zuwa Kanada" ma ka ajiye ta.

Abin da zai iya kama shi dokar gida ce. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai wuce 20 ba, babu zaɓin tara, ga wanda ya karɓi dukiyar wani da ƙarya, kuma EFCC na da ofis a Kano. To amma kotu hujja take ci. Ka san yadda muke yi: a kai kuɗi a leda, Kawu ya zama shaida, a yi fatiha, a tashi. Ranar da magana ta lalace sai a je gaban dagaci, ya rantse ya kai takardu Turawa ne suka hana, a ce a yi haƙuri ƙaddara ce, ya yi alkawarin biya kaɗan-kaɗan. Ko an ɗaure shi, ɗaurin ba ya fanso gona, kuma Baba ne zai shiga damina yana neman aron shanu.

Na san abin da ya fi damunka shi ne Kawu ne ya haɗa ku, kana jin nauyin ka tsananta tambaya. Ka ɗora laifin a kaina, ka ce Yaya ne ya matsa. Ka nemi cikakken sunan mutumin da lambar rajistarsa da sunan hukumar da ta ba shi, sannan sunan kamfani ko makarantar da yake cewa za ta ɗauke ka, don gwamnatin Birtaniya na wallafa sunayen duk masu lasisin ɗaukar baƙi. In barista ne na gaske sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA, duk da cewa hakan bai ba shi wata alfarma a ofishin biza ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda kuwa ya ce maka biza tabbas ce, ko yana da mutum a ciki, ko ya nemi riƙe fasfonka, ko ya buɗe imel da sunanka ya hana ka kalmar sirri, ka tashi ka bar masa kujerarsa.

In karatun ne a ranka da gaske, da kanka za ka nema a shafin jami'ar, kuɗin makaranta kuma asusunta ake turawa, ba na wani mutum ba. Kuɗin da za ka nuna wajen neman bizar karatu ta Birtaniya sai sun yi kwana 28 a jere a asusu, kuma ana iya bincikawa a bankin. Da digirinka na Dutse, ka duba tallafin karatu a Birtaniya na Chevening da na Commonwealth. Neman su kyauta ne, gasar ce mai zafi, Chevening kuma na buƙatar shekara 2 ta aiki, don haka koyarwar nan da kake rainawa ka riƙe takardunta da kyau.

Zan kira Baba ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in yi masa bayani da bakina, kada abin ya zama kai ne ka watsa wa Kawu ƙasa a ido. Kafin nan ko sisi kada a ba da, ko da sunan kafin alƙalami ne. Ka gaida Inna da su Gwaggo.