Bambancin aikin sauti a filin biki da a cikin ofis

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa a filin biki muke kafa ƙarin lasifika a tsakiyar jama'a, amma idan muka shiga ofis sai ka ga duk ƙoƙarinmu na rage sauti ne, alhali na'urar awo ɗaya muke ɗauka zuwa wuraren biyu. Amsar tana ga bango. A fili sauti tafiya yake yi ba ya dawowa, a ɗaki kuwa bango da silin da daɓe duk maido shi suke yi.

A fili, duk lokacin da nisa daga lasifika ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Idan ka auna 100 a mita 10, za ka sami 94 a mita 20, 88 a mita 40, sannan 82 a mita 80. Mai biki zai ce a ƙara murya don na baya su ji, kuma nan ne ake cutar da na gaba, domin kunne ba ya jure irin wannan ƙara na dogon lokaci. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce kada matsakaicin ƙara a wurin taro ya wuce desibel 100 a cikin minti 15. Shi ya sa muke kafa lasifika ta biyu a tsakiyar fili, mu kuma jinkirta ta. Sauti yana tafiyar kusan mita 350 a daƙiƙa a zafinmu, saboda haka lasifikar da ke mita 70 daga dandamali dole ta jira kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. In ba ta jira ba, mutum zai ji kalmar mai jawabi sau biyu, ya kasa gane ko ɗaya.

Kada kuma ka yarda da awon da ka yi da azahar. Da dare, musamman lokacin hunturu, iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sauti ya lanƙwaso ƙasa ya yi nisa, har unguwar da ba ta ji komai ba da rana ta kasa barci. Sauti mai kauri, wato bes, shi ya fi kai ƙorafi gidajen mutane, domin katangar gida ba ta tare shi. Tun wajen kafa dandamali ake duba inda gidaje da asibiti da masallaci suke.

Ofis wani al'amari ne daban. Yawancin waɗanda ake ginawa yanzu tayil ne a ƙasa, POP a sama, gilashi a gefe, kuma babu ɗayansu da ke shan sauti. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya, ka saurari wutsiyar da ke biyo baya. Wannan wutsiya muke aunawa, wato lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60. Wallace Sabine ne ya gano lissafinta a Jami'ar Harvard ta Amurka, a aikin da ya fara a 1895, yana kwaso matasan kujeru cikin dare yana jerawa a zauren lacca yana aunawa. A ɗakin taron ofis muna neman kusan rabin daƙiƙa. Ɗaki mai tsawon mita 10, faɗin 8, tsayin 3 yana buƙatar kimanin murabba'in mita 64 na cikakken abin shan sauti kafin wutsiyarsa ta sauko zuwa daƙiƙa 0.6, kuma labule biyu ba za su kai ka can ba. Silin mai shan sauti shi ne farkon abin da nake ba da shawara, sannan kafet da allunan bango.

Abin da na fi son ka riƙe shi ne shan sauti daban, tare sauti daban. Idan manaja ya ce ana jin maganarsa a ɗakin kusa, manna soso a bango ba zai yi masa maganin komai ba, kuma karɓar kuɗinsa a kan haka zalunci ne. Nauyi da toshe kafa su ne ke tare sauti. Ka hau tsani ka ɗaga silin, sau da yawa za ka tarar bangon ya tsaya daidai da silin, magana tana bi ta sama tana sauka ɗaya ɓangaren. Daga nan ka duba ƙarƙashin ƙofa, da ramin da aka huda wa bututun na'urar sanyaya ɗaki, da soket biyu da aka sa baya da baya. Sai ka gama da waɗannan sannan za ka rubuta wa mai aiki farashi.