Tambayoyin Masu Karatu: Na'urar Auna Ƙura da Hayaƙi ta Haɗin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Zariya. Ina so ni da ɗalibaina mu haɗa na'urar da za ta nuna mana yawan ƙura da hayaƙin da muke shaƙa. Me za mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne na Sensor.Community, wanda masu aikin sa kai suka fara a Stuttgart ta Jamus a 2015. Za ku buƙaci firikwensin ƙura SDS011, da allon NodeMCU mai ESP8266 (ƙaramar kwamfuta mai wayifai), da BME280 mai auna zafi da danshi. Sai cajar waya mai bolt 5, da siririn tiyo na shigar da iska cikin SDS011 mai faɗin milimita 6, tsawonsa kar ya wuce santimita 20, da elbo biyu na bututun ruwa masu faɗin milimita 75 da za su zama gidan na'urar.

A cikin SDS011 akwai ƙaramar fanka mai jawo iska ta gaban hasken leza. Daga yadda ƙura ke watsa hasken ne yake ƙiyasta PM2.5 da PM10, wato ƙwayoyin da ba su wuce maikuromita 2.5 da 10 ba.

Ku fara loda airRohr, manhajar Sensor.Community, a allon kafin ku jona komai. Daga nan ku bi sunayen ƙafafun jonawa: TXD na SDS011 ya tafi D1 na allon, RXD ya tafi D2, 5V ya tafi VU, GND ga GND. Shi BME280 bolt 3.3 yake sha: SDA a D3, SCL a D4. In kun kunna, allon zai buɗe nasa wayifai. Ku jona waya da shi, ku shiga adireshin 192.168.4.1 ku saka masa wayifan makarantarku. Na 2.4 GHz kaɗai yake gani, kuma nan ne mutane da yawa ke zaton allon ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Idan lambobin ƙura ba su fito ba, galibi an musanya TXD da RXD ne.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Maraɗi. Ƙanena ya haɗa mini irinta, amma a watan Agusta da asuba takan nuna ƙura mai yawa alhali gari fes yake. Ƙarya take yi?

Amsa: Malama, danshi ne. An ƙera SDS011 ne don ya yi aiki a danshin da bai wuce kashi 70 cikin 100 ba. In ya haura haka, ƙwayoyin sukan sha ruwa su kumbura, leza ta gan su manya, lamba ta tashi. Dalilin saka BME280 ke nan: duk sa'ar da ya nuna danshi ya yi yawa, ki ajiye alƙaluman ƙurar a gefe.

Da hunturu kuma matsalar takan juya. Hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi yana da manyan ƙwayoyi, su kuwa waɗannan ƙananan na'urori sun fi gwanancewa a kan hayaƙi, irin na janareto da icce da ƙona shara. Sukan rage wa PM10 lissafi, wani firikwensin ƙura mai suna PMS5003 ma ya fi SDS011 wannan rauni. Don haka a ganinmu, amfaninta shi ne nuna yaushe iska ke ɓaci da me ke ɓata ta: hawan lamba bayan magariba lokacin girki, ko sa'ar da maƙwabci ya tada inji. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa ma'aunin awa 24 a maikurogiram 15 na PM2.5 da 45 na PM10 a kowace kubik mita. Ki kwatanta da matsakaicin yini guda, kada ki tsorata da tsallen minti biyu. In kuna da biyu, ku rataye su gefe da gefe na mako ɗaya ku ga tazararsu kafin ku raba su unguwanni.

Tambaya: A ina ya kamata a kafa ta, kuma yaya za a yi da ɗauke wuta?

Amsa: A jikin bango mai inuwa inda iska ke wucewa, mita 1.5 zuwa 3.5 daga ƙasa, bakunan elbo suna kallon ƙasa saboda ruwan sama. A nisanta ta da madafa da salansar janareto, sai fa idan su ake son aunawa. Iyakar zafin SDS011 digiri 50 ne, kuma bututun da ranar Afrilu ke duka a ƙarƙashin kwano zai iya wuce haka. A ɗaure bakunan da ƙyallen gidan sauro, in ba haka ba gizo-gizo zai yi saƙa, zanzaro kuma ya gina ɗakinsa a bakin tiyo. Bayan hunturu a cire tiyon a wanke, a busar da shi sarai kafin a mayar.

Wutar da take ci ba ta kai wat ɗaya ba, ƙaramar sola da batir sun isa. Wasu fawa bankin sukan kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, a gwada na dare ɗaya tukuna. Kar a bar lezar a kunne kullum: ranta kusan awa 8,000 ne, bai cika shekara ba. Manhajar airRohr tana tada ta na ɗan lokaci duk bayan daƙiƙa 145, kuma a bar wannan saitin yadda yake.