Jini a bayan gida: basir ne, ko akwai wani abu?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni direba ne, ina lodi daga tashar Kawo zuwa Kano, shekarata 47. Wata uku ke nan ina ganin jini idan na zaga, wani lokaci tsiro ya leƙo sai na mayar da shi da yatsa. Na sha maganin basir na gargajiya har na gaji, gudawa kawai yake sa ni. Abokai sun ce zaƙi da yaji ne suka jawo, kuma wai idan aka yi mini aiki ba zan sake iya riƙe bayan gida ba. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, Malam.

Kowane ɗan Adam yana da wasu dunƙulen jijiyoyin jini a cikin dubura, aikinsu su taimaka wajen rufe ƙofar ruf, kamar robar da ke hana bakin famfo ɗiga. Idan ana yawan yunƙuri sai su cika da jini, su kumbura, su saki, su fara gangarowa. Wannan shi ne basir. Na ciki yakan zubar da jini ja wur ba tare da ciwo sosai ba. Na waje, wanda ke ƙarƙashin fata, shi ne mai ƙaiƙayi, kuma idan jini ya daskare a cikinsa mutum ko zama ba ya iya yi.

Na ciki mataki huɗu ne: mai jini kawai, mai fitowa ya koma da kansa, mai fitowa sai an tura shi, da wanda ya fito ya ƙi komawa. Yadda ka kwatanta naka, ya yi kama da na uku.

Amma ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, kai ma kada ka yanke. Mutumin da ya haura shekara 40 yana zubar da jini wata uku, dole a duba shi, domin sankarar babban hanji ma da jini take sallama, kuma tana iya zama tare da basir a jiki ɗaya. Ka je sashen tiyata na asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna ko wani babban asibiti. Likita zai sa safar hannu ya duba da yatsa, ya leƙa da wata 'yar gajeriyar na'ura, a auna yawan jininka. Idan da buƙata, a tura ka a haska hanji da kyamara. Na san kunya ce ke hana maza da yawa zuwa, alhali duban 'yan mintoci ne. Idan kuwa ka ga kashi baƙi kamar kwalta, ko jini cakuɗe da shi, ko kana ramewa, ko jiri na ɗibar ka, kada ka jira ranar hutu.

Zaƙi ba ya haifar da basir. Yaji kuma raɗaɗi yake ƙarawa wajen fita, ba shi ne tushen ba. Tushen yana cikin sana'arka: zama awa uku ko huɗu a kan kujera, ƙin shan ruwa don kada fitsari ya tsayar da mota, danne bayan gida sai an isa tasha, ga burodi da shayi da tsire. Kashi ya bushe, sai an yi da gaske kafin ya fita. Masu shan tramadol ko kodin abin ya fi yi musu muni, don waɗannan suna busar da ciki ƙwarai.

Maganin da ake tallatawa da lasifika a bakin kasuwa kuwa, wanda ya sa ka gudawa bai wanke komai ba. Zarya zuwa masai da yunƙurin gudawa suna ƙara kumbura jijiyoyin, ga shi ba ka san abin da aka zuba a jarkar ba, balle ƙodarka ta sani.

Abin da nake so ka fara yau shi ne tausasa bayan gida. Wake, miyar kuka, kuɓewa, kwaɗon zogale ko rama, gwanda, kankana, lemo da za ka cinye har da tsokarsa. Ka ajiye gorar ruwa kusa da giyar mota, ka riƙa sha har fitsarinka ya yi haske. Duk inda aka tsaya salla ko cin abinci, ka fito ka taka. Idan bayan gida ya matsa, ka tafi nan take, ka bar waya a aljihu, kada ka wuce minti biyar a tsugune. Tsarki da ruwan buta ya fi takarda, sai dai ban da dirza. Idan wurin ya yi tsami, ka zauna cikin baho na ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Man shafawa na kemis mai ɗauke da hydrocortisone yana rage kumburi, amma kada ya wuce mako guda, don yana sirantar da fata.

Batun aiki, ba kowane basir ake yankewa ba. Akwai ɗaurin roba: a ɗaure gindin tsiron da 'yar roba, jini ya daina kai masa, cikin kamar mako guda ya faɗi da kansa. Ba a kwantar da mutum. Idan ya yi girma, a mataki na uku ko na huɗu, sai tiyata. Ba zan ɓoye maka ba, makonni biyun farko akwai ciwo, kuma ka shirya ajiye mota na ɗan lokaci. Rashin riƙe bayan gida na dindindin abu ne da ba kasafai ake gani ba a hannun ƙwararren likitan tiyata. Inda ake samun ɓarna shi ne wurin masu yanka ko ƙona tsiro a gida, a bar mutum da tabo mai tsuke dubura.

Idan kuma kana fama da ciwon baya ko raunin gaba, ka faɗa wa likita daban, domin basir ba ya kawo su. A auna maka suga da hawan jini a zuwa ɗaya.