Amsa ga mai tambaya kan darasin harajin kuɗin shigar amana da dukiyar mamaci

Wa alaikumus salam, Barista. Na ga tambayarka tun jiya: kana digiri na biyu a fannin dokar haraji a Amurka, an sa darasin harajin kuɗin shigar amana da dukiyar mamaci cikin na zaɓi, abokan karatunka suna ce maka wuya gare shi, kana so ka ji ko ya cancanci wahalar, kuma ko zai yi maka amfani in ka koma gida. Ni dai shawarata ka ɗauke shi. Na yi shi, kuma har yau da shi nake cin abinci. Amma akwai sharaɗi: kada ka shiga sai ka gama darasin harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane, in da hali ka haɗa da na wasiyya da amana. Wanda ya tsallake waɗannan, tun makon farko zai fara ganin malami na magana shi kuma yana kallon bakinsa kawai.

Da farko ka raba shi da harajin gado, don nan mutane da yawa suke cakuɗa abu biyu. Harajin gado ana ɗora shi ne kan ita kanta dukiyar da aka bari, kuma a 2024 sai dukiyar ɗan ƙasa ta haura dala miliyan 13.61 kafin gwamnatin tarayya ta taɓa ta, ka ga ke nan yawancin mutane babu ruwansu da shi. Darasin da kake tambaya a kai kuwa magana yake kan abin da dukiyar ke haifarwa bayan mai ita ya rasu ko ya damƙa ta amana: kuɗin haya, ribar hannun jari, ribar sayar da fili. Dukiyar mamacin da ta samu dala 600 kacal a shekara, wajibi ne wasiyyi ya cika mata fom 1041, wato takardar bayyana harajinta. Mu da muka taso kan ilimin mirasi mun saba da cewa da an yi jana'iza, an biya bashi, an fitar da wasiyya, saura haƙƙin magada ne. A can kuwa dokar haraji tana ɗaukar dukiyar mamacin tamkar wani mutum na daban, da lambarsa ta haraji, da shekararsa ta lissafi, har ranar da aka gama rabo. Ka zaunar da wannan a ranka tun kafin ka buɗe littafi.

Darasin gaba ɗayansa yana cikin ɓangaren J na kundin dokar haraji, daga sashe na 641 zuwa na 692, kuma tambaya ɗaya yake ta jujjuyawa: wannan kuɗin da ya shigo, wa zai biya harajinsa? Asusun amanar ne, ko mai cin moriyar, ko shi wanda ya kafa amanar? Doka ba ta son a karɓi haraji sau biyu, ba ta kuma son kuɗin ya sulale babu wanda ya biya. Sai ta mai da amanar kamar indararo: ruwan da ya gangaro, na wanda ya tara bokiti ne, shi zai biya, wanda ya kwanta a kan soro kuwa, amanar ce za ta biya. Ma'aunin da ake auna abin da ya gangaro shi ne DNI (distributable net income), wato kuɗin shigar da za a iya rabawa bayan an cire abin da aka kashe, wanda ke sashe na 643(a). In ka riƙe DNI da kyau ka riƙe darasin, in ya kuɓuce maka babu haddar da za ta cece ka.

Bari in ba ka misali irin wanda za ka yi ta gani a allo. Mutum ya rasu ya bar amana, ya rubuta cewa duk kuɗin shigar shekara a miƙa wa matarsa. A shekarar an samu haya dala 30,000, ribar hannun jari dala 20,000, an kuma sayar da wani fili aka ci ribar dala 50,000. Ladan mai riƙon amana dala 4,000 ne, kuma takardar amanar ta ce daga uwar dukiya za a cire shi. Nawa matar za ta karɓa a hannu? Dala 50,000, domin ribar filin uwar dukiya ta koma, ladan ma ba daga rabonta aka cire ba. To nawa za ta biya wa haraji? Dala 46,000 kawai, domin DNI ya cire ladan nan ko daga wace jaka aka biya shi. Ribar filin kuma tana kan amanar, ita za ta biya, bayan an yafe mata dala 300. Takardar K-1, wato bayanin rabonta don biyan haraji, da za a aika wa matar ba za ta ce mata “kuɗi” kawai ba. Za ta rarrabe mata kaza haya ne, kaza ribar hannun jari, don kowane da irin harajinsa. Yanzu ka ce mai riƙon amana yana da ikon taimaka wa ɗan mamacin daga uwar dukiya, ya kuma ba shi dala 20,000 a wannan shekarar. Ɗan ba zai biya ko sisi ba, saboda matar tana sahun farko, wato wadda aka wajabta a miƙa wa kuɗin shigar, ta riga ta kwashe DNI duka. Ranar da na fara fitar da wannan lissafin da hannuna, ranar na gane cewa lambobi uku ne daban-daban suke tafiya tare: abin da dokar jiha da takardar amana suka kira kuɗin shiga, abin da dokar haraji ta kira kuɗin shiga, da DNI a tsakaninsu. Yawancin masu faɗuwa jarrabawa, waɗannan ukun suka haɗe musu.

Kuma ba lissafin banza ba ne. A 2024 asusun amana yana kai wa matakin haraji mafi tsada, kashi 37 cikin ɗari, da ya wuce dala 15,200, alhali mutum marar aure sai ya haura dala 609,350. Ga kuma ƙarin kashi 3.8 na kuɗin zuba jari a kai. Don haka mai riƙon amanar da ya bar kuɗi suka kwana a asusu ba tare da dalili ba, marayu ya cuta, ko da niyyarsa alheri ce. Shi ya sa sashe na 663(b) ya ba shi kwana 65 na farkon sabuwar shekara ya raba kuɗi a lissafa kamar a bara ya raba. Duk watan Fabrairu wayar ofishinmu ba ta hutawa saboda wannan.

Ɓangaren amanar da ake ɗora harajinta kan wanda ya kafa ta, sashe na 671 zuwa 679, ya fi daɗin karatu. Asalinsa masu kuɗi ne suke damƙa dukiya amana da sunan iyali don su rage haraji, alhali linzamin yana hannunsu. Kotun Ƙoli ta taka musu birki a shari'ar Clifford a 1940, daga baya majalisa ta zuba ƙa'idojin cikin doka. Ka karanta sassan da kansu, kalma bayan kalma, kada ka dogara da taƙaitawar wani. Sai sashe na 691, kan kuɗin da mamaci ya cancanta amma bai karɓa ba kafin rasuwarsa, kamar albashin ƙarshe ko asusun fansho irin 401(k). Gidan da ya saya dala 100,000 ya rasu yana da darajar 400,000, magada za su sayar a kan hakan babu harajin riba, albarkacin sashe na 1014. Asusun fanshon kuwa bai samu wannan gatan ba, duk wanda ya gada zai biya haraji in ya cira. Na ga iyalin da aka raba wa dukiya “daidai wa daida”, ɗaya ya ɗauki gida ɗaya ya ɗauki fansho, sai da lokacin haraji ya zo aka gane ba daidai ba ne, zumunci ya kusa lalacewa. Wasiyyin da ya san wannan sashen da ya faɗa musu tun a zaman rabo.

Yadda za ka karanta shi kuwa: ka sauko da fom 1041 da jadawalinsa na B daga shafin IRS, hukumar harajin Amurka, tun makon farko, duk matsalar da malami ya bayar ka cika ta a fom ɗin da fensir. Abin da sashe na 651 da 661 suke faɗa a dunƙule kan cire abin da aka raba daga harajin amana, fom ɗin ya shimfiɗa shi layi-layi. Ka yi lissafin kafin aji, ko da za ka yi kuskure, domin kallon malami yana warwarewa yana sa mutum ya zaci ya iya.

Batun amfaninsa a gida, gaskiya lambobin sassan nan ba za su bi ka Kano ko Kaduna ba. Amma tambayar tana nan: tun a 1993 dokar harajin kuɗin shigar ɗaiɗaikun mutane ta Najeriya ta wancan lokacin ta ware jadawalinta na biyu kan amana da dukiyar mamaci, kuma duk gidan hayar da magada suka bari ba a raba ba shekara da shekaru, ko waƙafin da ke kawo kuɗi, sai an tambayi wa ke da alhakin harajinsa. In kuma a Amurka za ka zauna, mutanenmu suna buƙatarka ƙwarai. Mazaunin can da ya gaji sama da dala 100,000 daga mahaifinsa a gida ba zai biya harajin kuɗin shiga a kan gadon ba, amma dole ya sanar da IRS a fom 3520, kuma tarar rashin sanarwa tana iya kai kashi 25 cikin ɗari na abin da ya gada. Da yawa ba su taɓa jin sunan fom ɗin ba.

In ka yi rajista, turo mini tsarin darasin in nuna maka makonnin da za ka fi ba ƙarfi. Allah ya ba da sa'a.