Tsohuwa na kwance a Birni, kai kana Tarabulus: amsa ga wani ɗan Damagaram

Wani ƙanenmu ɗan Damagaram da ke aikin gini a Tarabulus ta Libiya ya aiko da dogon saƙo. Mahaifiyarsa, wadda ta haura shekara 70, ta yanke jiki ta faɗi bayan sallar layya, hawan jini ya shanye mata ɓarin dama. Tana kwance a gidansu na gado a Birni. Matarsa ce ke jinyarta, ga 'ya'ya huɗu. Duk wata yana tura jika 70 hannun ƙanensa, amma ya ji magani na yankewa, matar kuma ta fara cewa za ta tafi gidan iyayenta a Mirya. Mahaifinsa ya yi direba a wani kamfani, ya rasu shekara biyu ke nan, ba wanda ya bi sawun fanshonsa. Shi kuma mai saƙon fasfonsa ya ƙare aiki. Yana tambaya: akwai gidan da ake riƙe tsofaffi a kai ta? Akwai taimakon gwamnati? Ko ya tattara ya dawo?

Ƙanena, Allah ya ba Tsohuwa lafiya, ya sa kaffara ne. Maganar gidan tsofaffi ka cire ta daga lissafi. Irin wanda 'yan'uwa na Faransa da Beljiyam ke ba da labari, inda ake biya duk wata ma'aikata su riƙe tsoho, ba abin da za ka jingina da shi ba ne a Damagaram. A wurinmu jinya tana kan dangi da maƙwabta. Tunda haka ne, sai a tsara ta da sunan kowa da aikinsa, kada a bar ta ga wanda ya fi kowa kunyar cewa ya gaji.

A cikin saƙonka layi ɗaya kacal ka ba matarka, shi ma na ƙorafi ne. Ni kuwa a nan na fi tsayawa. Ka zauna ka lissafa yininta. Kafin kiran assalatu ta tashi ta ɗaga Tsohuwa, ta canza mata shimfiɗa, ta wanke ta. Zannuwan da suka ɓaci sai an wanke su da ruwa mai yawa, a garin da kai ma ka san yadda famfo ke ƙafewa lokacin zafi, mutane na bin 'yan garuwa da jarka. Ta dama kunu, ta jingina ta da bango, ta ba ta cokali-cokali tana jira ta haɗiye, ga na goye yana kuka, ga manyan za su lakwal ba su karya ba. Da dare kuma sai ta farka ta juya ta. Mace ɗaya ce ke wannan wata da watanni, ba mai canjinta, ba mai ba ta ko dala, kuma kuɗin da mijinta ya turo sai ta roƙa a hannun ƙanen miji. Da ta ce za ta Mirya, ba rashin tarbiyya ba ne. Jikinta ne ya kai iyaka.

Malamai sun bayyana cewa ɗawainiyar iyaye tana kan 'ya'yansu, abin da matar ɗa ta yi kuwa kyautatawa ce da za a gode mata a kai. To ka gode mata da bakinka, ka kuma nuna a aikace. Ka ware mata kuɗinta na kanta duk wata, da sunanta, wanda ba na cefane ba. Ka nemi mace ta biyu, dattijuwa a unguwa ko wata cikin dangi da ke buƙata, a yi ciniki a fili, ta riƙa zuwa da safe tana kama wanka da wanki, a biya ta ƙarshen wata. 'Yan'uwanka mata da ke aure cikin gari su raba kwana, ko da daren Alhamis da na Lahadi ne. Kuma ka bar matarka ta je Mirya ta yi sati ɗaya da yardarka, da guzuri. Idan ka hana ta hutun sati, ina ji maka tsoron ranar da za ta tafi ba da niyyar dawowa ba, ranar nan kuwa Tsohuwa ce za ta fi kowa shan wuya.

Sai kuɗin. Kada ka ɗauki waya ka tuhumi ƙanenka. Wataƙila ya ci, wataƙila kuma jika 70 ɗin ce ba ta kai ba, domin gidan da ake jinya baƙi ba sa yankewa, kowa ya zo dubiya sai an ba shi ruwa da abinci. Daga Tarabulus ba za ka iya rabe gaskiya ba. Abin da za ka iya shi ne ka daina zuba komai a hannu ɗaya. Kuɗin magani ya tafi wurin mutum ɗaya, ya sayo na wata cur, ya ɗauki hoton ordinas da takardar farmasi ya turo maka ta WhatsApp. Kuɗin cefane da na ruwa su tafi kai tsaye hannun matarka. Ofisoshin aika kuɗi na Nita, Amana da Al Izza suna ko'ina cikin gari, abin da ake nema katin ɗan ƙasa ne, in ba ta da shi a yi mata. Hatsi kuwa a saya da kaka lokacin da yake da sauƙi a Kasuwar Dole, a ajiye buhu biyu ko uku, kada a jira bazara ana awo da tiya. Wannan sabon tsari kada ya fito daga bakinka kai kaɗai. Ka sa kawunku ko limamin unguwa ya tara su, kai kana kan waya, a faɗa a gaban kowa. Ƙanenka a bar masa aikin kai Tsohuwa asibiti da bin takardu, da kuɗin mai na babur, don kada ya ji an tuɓe shi.

Game da ciwon kansa, abubuwa kaɗan ne, amma su ke raba mai samun sauƙi da mai lalacewa a kwance. Maganin tansiyo, wato hawan jini, ba a tsayar da shi don an ga ta warware, kuma ba a musanya shi da na masu talla a faranti. A rage gishiri da dunƙulen miya. A riƙa juya ta kamar duk awa biyu, a duba ƙugu da duwawu da dunduniya, domin gyambon kwanciya daga ɗan ja yake farawa. Kada a ba ta abinci ko ruwa tana rigingine, shaƙewa na kai abinci huhu. Motsa gaɓoɓi da masu kine, wato ma'aikatan asibiti masu motsa jikin majinyaci, ke yi ya fi amfani a watannin farko, saboda haka a tambaya a babban asibitin ƙasa na Damagaram tun yanzu, a roƙi ma'aikacin ya koya wa masu jinya abin da za su riƙa yi mata a gida. Na san za a samu masu cewa iska ce ko jifa. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, amma kada su zama dalilin ajiye ƙwaya.

Taimakon gwamnati akwai, sai dai ka san girmansa. Daga watan Satumba na 2024 an rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati. Tun 2006 kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ana duba su kyauta, wannan ya shafi ƙananan 'ya'yanka, ko da yake sau da yawa maganin sai an fita waje an saya. A babban asibiti akwai ofishin jin ƙai, wanda ake ce wa sosiyal, masu duba halin marasa ƙarfi, kuma a meri ake neman takardar shaidar rashin hali. A tambaya, amma a faɗi gaskiya cewa akwai ɗa a waje da ke turo abin da ya samu. Tallafin kuɗi na wata-wata da aka fara a 2011 tare da Bankin Duniya, wanda daga baya aka sani da Wadata Talaka, ba rubuta takarda ake yi a nema ba, masu shirin ne ke zaɓen garuruwa da gidaje. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya sa sunan Tsohuwa, cuta ce, kada a ba shi.

Abin da ya fi duk waɗannan tsoka shi ne wanda kuka bari a ƙasa, wato fanshon mahaifinku. Idan kamfanin ya yi masa rajista a asusun ma'aikata na CNSS kuma zubinsa ya cika, matar da ya bari tana da haƙƙin rabin fanshonsa, in matan sun fi ɗaya su raba. Wannan kuɗinta ne, ba sadaka ba. A buɗe akwatinsa a nemo katin CNSS ko tsohuwar takardar albashi mai ɗauke da lambarsa. Za a nemi takardar mutuwa, da ta aure, da ta haihuwar Tsohuwa, da takardar zaman dangi da kotu ke tabbatarwa. A nan yawancin gidajenmu ke tuntuɓe, domin an ɗaura aure a zaure shekara 50 da suka wuce ba a rubuta ko'ina ba, an yi jana'iza ba wanda ya je meri. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai rahoton haihuwa, aure ko mutuwa. In wa'adin ya wuce, sai an je kotu da shaidu a yi jujuma, wato hukuncin alƙali da ke tsayawa a madadin takardar. Ana yi, ba abin tsoro ba ne, amma shaidun auren nan tsofaffi ne, kullum raguwa suke. A yi shi cikin watan nan, tun Tsohuwa na iya magana ta faɗi wanda ya halarta. In an samu fanshon, za a riƙa neman takardar shaidar tana raye lokaci-lokaci, a sa wannan cikin aikin ƙanenka.

Wani abu da ba ka tambaya ba: ɗakin da take kwance. Gidajen Birni na ƙasa ne. A farkon Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni da ya tsaya tun ƙarni na 19. Wadda ba ta iya tashi da kanta ba za ta iya gudu ba in katanga ta jiƙe. Kafin damina a yi yaɓe, a gyara indararo, a duba azara, in ɗakin ya tsufa a mayar da ita wanda ya fi ƙwari kuma ya fi kusa da ƙofa.

Yanzu kai. Ba zan ce ka ajiye aiki ka taho gobe ba, domin in ka iso hannu wofi, an samu ƙarin baki ne a gidan da magani ke yankewa. Amma ka sani duk tsarin nan a kan guminka yake, kai kuwa kana zaune ba takarda a ƙasar da dokarta ta 2010 ke hukunta shiga ba izini. A Janairun 2025 an kwaso 'yan Nijar sama da 600 daga Libiya aka sauke su a Dirku. Wanda aka kama a kan hanyar aiki ba ya samun damar komawa ɗaki ya ɗauki ajiyarsa. Saboda haka kada ka tara kuɗi a jikinka ko ƙarƙashin katifa, kuma kada ka bari albashin watanni ya taru a hannun mai gida. Ka je ofishin jakadancinmu a Tarabulus ka yi katin konsila, ka tambayi yadda za a sabunta fasfo. Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ranar 29 ga Janairun 2025, sababbin fasfo na AES ne, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, amma wannan bai canza komai a matsayinka a Libiya ba, izinin zama daban yake da fasfo. In ta kama dole ka dawo kuma ba hali, ofishin jakadanci na ba da takardar wucewa, hukumar OIM mai kula da 'yan ci-rani kuma tana da shirin mayar da masu son komawa gida da kansu.

Daga kowane aike ka cire wani abu a ajiye a gida, har ya kai na maganin wata uku. Matarka ta shiga asusun mata na unguwa, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991, inda ake zubi duk sati ana ba da rance. Ka san abin da ya sami gidaje da yawa a Kance da Matamaye da aike ya yanke, mata suka ɗauki yara suka nufi Aljeriya yawon bara. A Oktoban 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishi a hamada bayan Arlit, yawancinsu mata da yara. Ajiyar wata uku ita ke ba gida lokacin yin tunani kafin a kai ga irin wannan shawara.

Lokacin dawowarka kuwa, kada ka bar shi ga jita-jitar dangi, wannan ya ce ta samu sauƙi don kada hankalinka ya tashi, wancan ya ce ta kusa don ka turo kuɗi. Ranar da za a kai ta asibiti, ka sa ƙanenka ya miƙa wa likita waya ka ji da kunnenka. In ya ce jikin na ja baya, ko ta daina haɗiya, ko ta sake faɗuwa, ka karɓi haƙƙinka ka taho, aikin gini ba zai ƙare a duniya ba. In ya ce ana samun ci gaba, ka tsaya ka kammala takardunka, ka sa ranar zuwa ka faɗa wa Tsohuwa da matarka. Kafin nan, ka ɗauki hoton fasfonka da takardar haihuwarka ka tura wa kawunku, tare da lambar wani ɗan gari da kuke zaune tare, wanda za a kira in wayarka ta yi kwana biyu a kashe.