Gwangwanayen fim ɗin da kakana ya bari daga silimar Palace

Tambaya: Malam, kakana ya yi aikin haska fim a silimar Palace ta Jakara. Ya rasu ya bar gwangwanayen fim takwas a ƙarƙashin gado, sun fara wari, kuma yara na kwana a ɗakin. Me ya kashe gidan silimar, kuma ya zan yi da gwangwanayen?

Amsa: Allah ya jiƙan kaka. Palace ce silima ta farko da aka gina a cikin ganuwar Kano, kusa da Kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950. Silimar Rex ta 1937 a wajen ganuwa take. Malamai da mutanen unguwa ba su taɓa karɓar Palace ba, 'yan daba suka mayar da ƙofarta matattara, daga baya aka rufe ta aka mai da ginin asibiti. Sauran gidajen silima kuwa, faɗuwar naira daga 1986 da kaset ɗin bidiyo ne suka cinye su.

Amma ɗan'uwa, gwangwanayen nan ne suka tayar mini da hankali. Kullum sai na ji ana cewa gobarar silimar El Duniya ta Kano a 1951, wadda ta ci mutum 331, baki ne ko fushin Allah kan fim ɗin da aka nuna. Wannan magana ta hana mutane sanin abin da ya kama: fim ɗin naitiret ne, wato tsohon nau'in fim mai saurin kama wuta, a ɗakin haskawa. Irinsa yana ba wutarsa iska da kansa, ruwa ba ya kashe shi, yashi ma haka, hayaƙinsa guba ne. In ya ruɓe, zafin da bai wuce digiri 40 sosai ba yana iya kunna shi babu ashana, ka kuwa san ɗakin kwano a watan Afrilu.

Yau ɗin nan ka fitar da su zuwa inuwa mai iska, nesa da murhu da janareto. Sa safar hannu, ka duba gefen fim ɗin: NITRATE ko SAFETY. Mai tsamin wari kawai, yawanci na biyun ne, ba ya tashi haka. Wanda ya yi danƙo, ko ya zama gari ruwan ƙasa, kada ka warware shi, ka kira 'yan kwana-kwana. Duk wanda ya ce ka yanki guntu ka ƙyasta masa ashana don gwaji, ka kore shi. Masu lafiyar ka tuntuɓi ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos.