Amsar Kawu: me ya sa sai da kanwa ake dafa waakye?

Hajara 'yata, saƙonki ya same ni lafiya a nan Aboabo. Kin ce malaminku a jami'ar Legon ya shiga darasin gishirin da ke ɗaga pH, wato ma'aunin tsami da kishiyarsa a ruwa, sai kika tuna Goggonki da kanwar da take sa wa waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, kina tambaya ko al'ada ce kawai, ko gishirin miya ma zai yi aikin. Ba zai yi ba.

Gishirin miya in ya narke, pH na ruwan na nan a 7, wato tsaka-tsaki, bai motsa ba. Kanwa kuwa sodiyam kabonet ce haɗe da baikabonet. Kabonet ɗin yana ƙwace H⁺ daga ruwa, ya bar OH⁻ a baya, amma ba duka yake juyawa ba, ɗan kaɗan ne, sai abin ya daidaita. Ɗauki mol 0.1 na kabonet zalla a lita ɗaya. Kb ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfinsa na ƙwace H⁺, wajen 2.1 × 10⁻⁴ ne. Kira OH⁻ ɗin x. Tun da x ƙarami ne a kan 0.1, x² zai zama Kb sau 0.1, x ya fito wajen 0.0046, pOH (ma'aunin OH⁻) 2.3, in an cire shi daga 14 kuma pH kusan 11.7. Baikabonet ita kaɗai 8.3 take bayarwa. Idan suka haɗu kai ɗaya, kamar yadda suke a kanwa, ruwan yakan tsaya kusa da 10.

Wannan 10 ɗin ne ke sassauta abin da ya ɗaure ƙwayoyin wake, ya nuna da wuri, gawayi ya yi saura. Shi ne kuma ke jawo jan karan dafi ya kama shinkafa. Iyayenmu sun san haka tun zamanin da fatake ke sauke kanwar Barno a Salaga su ɗauki goro, kafin yaƙin 1892 ya watsa su zuwa Kumasi da Ankara (Accra).

Amma ki lura da yadda Goggonki ke yi. Tana jiƙa ɗan gutsure, ta bar tsakuwa da yashi su kwanta, ta tsiyaye ruwan sama kawai. Tana faɗa in aka cika, kuma lissafinku yana bayanta: ko kin ninka kanwar a ruwa, kabonet da baikabonet tare suke ƙaruwa, pH ba ya wani matsawa. Abin da kika ƙara shi ne bauri da sodiyam, ga bitamin B1 na waken da kanwa ke lalatawa.

Inda nake ja da al'adarmu shi ne kunun kanwa na masu jego. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shansa, tare da wankan ruwan zafi, da ciwon zuciya bayan haihuwa. Sodiyam ɗin yana tara ruwa a jiki. Yayarki na gab da sauka, kuma na san tsofaffin gida za su dama mata. Ki taya ni lallashinsu su rage hannu, in kuma tana da hawan jini a bar shi gaba ɗaya.

Ki gaishe da mutanen Nima.